Ledar Magungunan Baba

Baba ya daɗe da hawan jini, daga baya ciwon suga ya biyo baya, sannan gwiwoyi suka tasa shi gaba har ba ya tashi daga kujera sai an kama shi. Ni ne babba, ni nake kai shi asibiti, kuma ni na tafka kuskuren da nake so ku ƙannena ku kiyaye.

Kowace cuta na ware mata ranarta da likitanta. Mai duba suga ya ɗora shi a kan metformin, mai duba hawan jini ya ba shi lisinopril da maganin sa fitsari. Gwiwa kuwa ban ɗauke ta ciwon asibiti ba. Da ya yi ƙorafi sai in biya kemis in sayo diclofenac, ya sha safe da yamma, wata da watanni. Ban taɓa gaya wa likita ba. Maganin ciwo ne fa, wa bai sha ba?

Wata safiya takalminsa ya ƙi shiga. Na danna ƙafar da yatsa, wurin ya lotsa, ya ƙi dawowa. Gwajin jini ya nuna ƙoda ta yi rauni. Likita ta ce in kwaso mata duk abin da yake sha. Da na zazzage ledar a teburinta, diclofenac ɗin ta ɗago, ta dube ni. Ashe shi da ɗan'uwansa maganin ciwo ibuprofen suna rage jinin da ke isa ƙoda, suna tara gishiri da ruwa a jiki, su ƙara hawan jinin da muke ta faman saukarwa. Ga ƙodar da suga ya riga ya gajiyar. Dole aka rage metformin ɗin ma, tunda ƙoda ce ke fitar da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nan da 2050, kashi 80 cikin 100 na tsofaffin duniya za su kasance a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki. A irin waɗannan ƙasashe sau da yawa wannan likita bai san abin da wancan ya rubuta ba, sai wanda ya rako majiyyaci ya faɗa masa. Wato kai.

Don haka ka tafi da ledar gaba ɗaya, har da na kemis da wanda wani ya kawo don tausayi. Ka roƙi a riƙa duba ƙoda aƙalla sau ɗaya a shekara. Kada ka tsayar da maganin hawan jini don awo ya sauka ƙasa da 140/90, maganin ne ya sauke shi. Gwiwar Baba yanzu paracetamol ake ba ta da ɗan tattaki, yana mita, amma takalmin na shiga.