Bandiri na huɗu ya tsaya: abin da ke yaga fata a bakin zobe

Alhamdu lillahi. 'Yan'uwa masu koyon haɗa bandiri, yau kwana 12 ke nan da na kwance robar ɗaurin fata daga bandirina na huɗu, hunturu na busawa a Birnin Kebbi har leɓe na tsagewa, kuma fatar ba ta nuna ko alamar tsaguwa ba. Daren Alhamis an yi zikiri da shi kusan awa biyu, muryarsa ba ta sauka ba, ba a kai shi bakin wuta ko sau ɗaya ba. Daɗin da na ji ba ya misaltuwa, domin uku da suka riga shi duk a wuri guda suka mutu: bakin zobe, wato da'irar katakon da ake rufa wa fata, daidai ramin ƙusa. Fata uku ke nan, kowace naira dubu huɗu da ɗari biyar, ban da ladan kafinta. Asarar ta biyu ta fi ci mini rai, don fatar ba ta da aibi ko ɗaya.

Kun san yadda abin yake faruwa. Ka rufe bandiri da yamma, fata jiƙe, ka ja ta iya ƙarfinka, ka buga ƙusoshi, ka ajiye. Kwana biyu yana ƙara kamar kwano, kana murna. A kwana na uku ko na huɗu, yawanci da tsakar rana, sai ka ji tas daga cikin ɗaki. Ka duba ka ga tsaga ta taso daga ramin ƙusa ɗaya, ta haye baki, ta nufi tsakiya. Da yawa sai su ce fatar ce ba ta da kyau. Wani lokaci haka ne, amma abin da na tabbatar yanzu shi ne laifi huɗu ne ke haɗuwa, kuma uku daga ciki namu ne.

Na farko ja. Ɗanyar fata idan ta sha ruwa miƙewa take, idan ta bushe ta tsuke, kuma ƙarfin tsukewar ya fi ƙarfin hannun mutum nesa ba kusa ba. Wanda ya ja jiƙaƙƙiyar fata har ta yi sauti tun tana jiƙe ya riga ya kashe ta, don bai bar mata wurin tsukewa ba. A bandiri na huɗu na bar ta da sassauci: idan na danna tsakiya da yatsa tana nutsawa kamar santimita ɗaya da rabi, idan na buga sai ta yi lab-lab, babu murya ko kaɗan. Zuciya ba ta son ganin haka, hannu sai ƙaiƙayin ƙara ja yake yi. Ku daure ku bar ta. Bushewa ce ke ba bandiri murya.

Ja kuma ba a kewaye ake yin sa ba. Layin gadon bayan akuya ya ratsa tsakiyar zobe sak. A kama wuya da gindi tukuna, sannan haƙarƙari biyu, sannan tsakankaninsu, kullum gefe da kishiyarsa. Fata ta fi miƙewa ta wajen ciki fiye da tsawon baya, saboda haka in ka ba kowane gefe ƙarfi iri ɗaya, gefen ciki mai sirara shi zai sha wahala. Tsagar bandirina na ɗaya da na uku duk ta gefen ciki ta fito. Wannan ne ma ya sa na rage faɗin zobe daga inci 16 zuwa 14. Jar akuyarmu ba ta da girma sosai. Zobe mai inci 16 yana buƙatar da'irar fata wajen santimita 56 in an haɗa da rarar da za a naɗe, kuma kafin ka sami wannan faɗin ka shiga hammata da mara, inda fata ta yi kamar takarda. Da inci 14 kana cikin wuri mai kauri ko'ina.

Na biyu bakin zobe. Kafinta yakan miƙo maka shi da kaifi kamar yadda zarto ya bar shi. Fata na tsukewa tana gogar wannan kaifin, shi kuwa yana yi mata aikin wuƙa a hankali. A goge gefen waje da samfefa mai kaushi, a bi da mai laushi, har ya yi santsi kamar bakin ƙwarya da ta daɗe ana sha da ita. A ɗan karkata gefen ciki ƙasa don fata ta zauna a kan siririn layi. Minti talatin ne aikin. Su kuwa masu farawa da zoben rariya don araha, ku sani ba ya ɗaukar fatar babbar akuya. Yana lanƙwashewa ya koma siffar ƙwai, gefe ɗaya ya saki, ɗayan ya ɗaure. Nawa katako siriri ne hawa uku aka lanƙwasa aka manne, kaurinsa santimita ɗaya da 'yan kai, zurfinsa tara, kuma ba a bar mahaɗin hawa ukun a wuri ɗaya ba.

Na ukun shi ne ya fi ba ni wuya, shi ne kuma dalilin wannan rubutu. Ƙusa ba ta riƙe fata. Ƙusa tana huda ta ne, duk nauyin ja ya taru a ɗan ramin nan. In ƙusoshin suna jere a layi ɗaya, ka yi wa fata irin hujin rasit da ake yagewa. In baƙin ƙarfe ne kuma ka buga a jiƙaƙƙiyar fata, kafin kwana biyu za ka ga baƙin tabo ya kewaye kowace ƙusa. Tsatsa ce, tana cin wurin. Abin da ya kamata ya riƙe fata shi ne gam, a faɗin jikin zobe duka, ƙusa ta zo daga baya a matsayin mai gadi.

To amma farin gam na kafinta ba ya kamawa da wuri a kan jiƙaƙƙen abu, yana son kwana ɗaya zuwa biyu. A hunturu kuwa fuskar bandiri na bushewa cikin 'yan awoyi. Kun ga matsalar: tsakiya ta fara ja tun gam yana ruwa, fata ta zame a kansa, nauyi ya koma kan ƙusa. A bandiri na uku na sa gam, na yi zaton na gama, ashe gam ɗin bai yi aikin komai ba. Da na ɓare shi na ga sawun zamewar a jikin katako.

Ga abin da ya yi aiki. Na tsane fata da tsumma har ta daina ɗiga. Na kankare jikin zobe ta waje da samfefa mai kaushi don gam ya sami abin kamawa, na shafa shi faɗin santimita huɗu daga ƙasan baki, ban bari ya taɓa saman bakin ba, don in ya taɓa yana kashe amo. Na ɗora fata, na ja yadda na faɗa, na naɗe kewayen da robar tayar babur da aka yanka tsiri-tsiri, zagaye shida, ina miƙar da tattara da babban yatsa. Ban buga ƙusa ko ɗaya ba. Sai na yanka tsohon tawul daidai faɗin fuskar, ya rage kamar yatsu biyu bai kai baki ba, na jiƙa na matse, na shimfiɗa a kai, na rufa masa leda. Fuska ta zauna da danshi, gefe yana shan iska. Safe da yamma ina sake jiƙa tawul. Bayan awa 48 na ɗaga robar a wuri ɗaya na taɓa, gam ya kama ram. Sannan na cire leda, na bar tawul ya bushe da kansa a kan fata, kwana ɗaya, na cire shi, na bar bandiri a cikin ɗaki ƙofa a rufe kwana biyu. Ba rana, ba fanka. Muryar ta riƙa tasowa a hankali, kowace safiya ta fi ta jiya. A kwana na shida na buga ƙusoshi masu ruwan tagulla irin na masu kujeru, layi biyu a karkace, tazarar santimita uku, na saman yana ƙasa da baki da santimita biyu. Na datse rara da reza.

Na huɗun laifin fata ne, kuma kun san shi. A ɗaga ta a rana kafin a biya, a duba sharɓen wuƙar mai fiɗa da tabon ƙuraje. Ta zama ɗanya, wadda ba ta ga bagaruwa ba, don jemammiyar fata ba ta yin amo. Tokar cire gashi kada ta wuce kwana biyu zuwa uku, in ta wuce gashi zai fita da sauƙi amma fatar ta yi rauni. Ni yanzu aski nake yi mata da reza. Kuma ta zama ta yankakkiyar dabba. A mashhurin mazhabar Malikiyya ko jima ba ta tsarkake fatar mushe, balle wannan da ba a jeme ba, kuma abu ne da za a shiga da shi inda ake ambaton Allah. Shi ya sa na fi son saye hannun mahaucin da na sani a kan busasshiya daga tari a kasuwa.

Da na natsu na gane cewa son ƙara ne ya kai ni ga ja fiye da kima tun farko, kuma bandiri ba don ƙara aka yi shi ba. Aikinsa a halƙar zikiri shi ne ya haɗa mutum talatin ko ɗari a kan numfashi ɗaya. Ana hailala, ko an shiga anfasu inda kalma ke komawa fitar numfashi daga ƙirji, bugun tsakiya mai zurfi shi ke gaya wa kowa inda zai sauke, bugun baki kuma ya cike tsakani. In muƙaddami ya ɗaga sauri, mai bandiri ne ke ɗaukar jama'a ya kai su ba tare da sun watse ba. Bandirin da aka ɗaure ya yi tsini yana hawa kan muryar masu zikiri, sha'iri ya yi ta ƙoƙarin tsallake shi. Wanda aka bari da zurfi yana zama ƙarƙashin murya kamar tabarma. Wani dattijo a zawiyarmu ya karɓi na huɗun, ya buga sau uku a tsakiya, ya kara kunne, ya ce, "Ɗana, wannan ya san wurin zamansa." Na ce, "Allah ya saka da alheri, Baba."

Asalin kayan ma yana bayyana wahalar da muke sha da shi. Sunan daga Arewacin Afirka ya zo, a Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Libiya bandir suke ce masa, wasunmu kuma su ce mandiri. Ɗan'uwan duffi ne, wanda ya zo a hadisi: 'yan mata biyu da ke buga shi a ɗakin Nana A'isha a kwanakin idi, da waɗanda suka buga a bikin Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu. Waɗannan ne hujjojin da masu amfani da shi ke kawowa, wasu malamai kuma suna ganin izinin ya tsaya ga biki da idi, bai kai masallaci ba, kuma saɓanin yana nan har gobe. A Libiya an san mabiya Shehu Abdussalami al-Asmar na Zilitan, wanda ya rayu a ƙarni na 16, da zikiri da bandir, kuma fataken Larabawa na wannan yanki sun daɗe suna zaune a Kano. Shehu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, shi ya fito da bandiri fili ya kare shi, ya zama alamar Ƙadiriyya, musamman a maukibin Shehu Abdulƙadir Jilani da ake yi a watan Rabi'us Sani. Ƙadiriyyar da muka gada a nan daga Shehu Usmanu da ƙanensa Malam Abdullahi, wanda kabarinsa ke Gwandu, an fi saninta da wuridi da karatu. Shi ya sa masu haɗa shi ba su da yawa a Kabi, muke koyo da asarar fata. Abin da ke burge ni shi ne fatar jar akuyar ƙasar Sakkwato ayari ya riƙa ɗauka ya ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Fata ta tafi arewa, kayan kiɗa ya gangaro kudu.

Bandir na can yakan zo da tsirkiya biyu ko fiye a miƙe a ƙarƙashin fata, masu ba shi ɗan zuzu. Na gwada a na huɗu da zaren nailan, na cire. A ƙaramin ɗaki zuzun yana cinye ƙarshen kalma. Ramukan suna nan in wani ya so mayarwa.

Jarrabawar da ta rage ita ce damina. Bandirin da aka rufe a hunturu ya ga mafi bushewar iska, sai zafin bazara da zai haura digiri 40, saboda haka zai zauna cikin jakar yadi, nesa da rufin kwano. Amma in malka ta sauka a watan Agusta, fadama ta cika, fatar za ta sha danshi ta saki, babu makawa. Gasa shi za a yi, kuma a nan ake kashe bandiri da yawa. Garwashi ake so, ba harshen wuta ba. A riƙe shi kamu biyu daga wuta, ana juyawa, ana shafa fuskar da tafin hannu ana bugawa a hankali. Zafin da bayan hannunka ba zai jure ba, fata ma ba za ta jure ba, in ta dahu ta yi haske kamar gilashi ta gama aiki. A tsaya tun murya ba ta kai inda ake so ba, don tana ƙara hawa bayan an janye.

Zobe na biyar yana wurin kafinta, mai inci 18, wanda zai riƙe babbar murya. Wannan jar akuya ba za ta rufe shi ba. Ina tsakanin fatar babban bunsuru da ta ɗan maraƙi, kuma tawul ɗin zai kwana uku ƙarƙashin leda maimakon biyu saboda kauri. Wanda ya taɓa rufe wannan faɗin da fatar maraƙi, don Allah ya gaya mini awa nawa ya jiƙa ta.