Yadda na shawo kan Wi-Fi ɗin gidanmu

Gidanmu a Kurna gidan yawa ne, sassa uku da tsakar gida. Ranar da na zauna na ƙirga na'urorin da ke hawa Wi-Fi ɗinmu, 17 na samu: wayoyi 13, kwamfutoci 2, talabijin ɗin falo da allon karatun yara. Kullum bayan isha'i sai sabis ya fara jan ƙafa. Hajiya na cikin hira da Yaya da ke Jidda ta WhatsApp, hoto ya daskare, ta ɗaga murya daga ɗaki: "Kai Auta, abin nan naka ya sake tsayawa." Wannan kiran ne ya fi damuna, don sau ɗaya a mako take ganin fuskar ɗanta.

Rautar tamu, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi ɗin, mai layin waya ce, kuma tun da aka sayo ta tana bayan talabijin, a ƙasa, cikin tarin wayoyin wuta. Na ɗauko ta na ɗora a kan wata kanta kusa da tagar da ke kallon tsakar gida. Bangon bulo da ƙofar ƙarfe suna cinye sigina sosai, nan take na ga bambanci.

Sai na juya ta na karanta takardar da ke manne a ƙasanta, na buga adireshin shiga saitinta, 192.168.8.1, a burauza na shiga. Abin da na fara yi shi ne canza kalmar sirrin shiga saitin, domin har lokacin ta kamfani ce a kai.

Inda aikin yake shi ne zangon sigina. Rautar tana watsa biyu, 2.4GHz da 5GHz, amma da suna ɗaya, sai wayoyi su yi ta tsalle tsakaninsu. Na raba su, kowanne da sunansa. Na 5 ya fi gudu amma ba ya nisa, don haka na ba talabijin da kwamfutoci da duk wanda ke kusa. Na 2.4 ya fi ratsa bango, shi na bar wa sashen Hajiya da tsofaffin wayoyin da ma ba sa ganin na 5. A unguwa irin tamu, gida jikin gida, rautocin maƙwabta suna cunkushewa a tasha guda, don kowane zango a rabe yake zuwa tashoshi kamar na rediyo. Tashoshi uku ne kawai a 2.4 ba sa shiga juna: 1, 6 da 11. Na ga 11 ta fi sarari, na tsayar da tamu a can, na mayar da faɗinta 20MHz.

A jerin waɗanda ke kai na tarar da wayoyi 5 da ban san su ba. Ashe yara ne ke nuna wa abokansu lambar QR, hoton nan da ake haskawa da waya a hau Wi-Fi ba tare da buga kalmar sirri ba. Na sake kalmar sirrin hawa Wi-Fi, na bar tsarin tsaro a kan wanda ake kira WPA2, na kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura ba tare da buga kalmar sirri ba, na buɗe wa baƙi nasu Wi-Fi ɗin daban, saboda ba na son baƙo ya zo gaisuwa a ce masa babu.

Na kuma sayo ƙaramin batir mai bol 12, don idan aka ɗauke wuta kada rautar ta mutu kafin a tayar da janareta. Ɗakin Baffa da ke can ƙurya ne har yanzu sigina ke kaiwa da ƙyar. Na auna, waya mai tsawon mita 20 za ta isa, in na karɓi albashi zan ja masa ita in sa rauta ta biyu a ƙofarsa.