Yadda na nuna wa yarana aikin maɓalli a motar wasansu

Yaro ɗan shekara 3 ko 4 ya san in ya danna mota za ta tafi, amma ka tambaye shi dalili sai ya ce ai ita ce take so. Ni dai na ga bayanin baki ba zai shiga ba, sai na ɗauko sukudireba na kwance wata tsohuwar motarsu a gabansu, kowa ya leƙa ciki.

Batir biyu ne AA, kowanne volt 1.5, sai ƙaramin inji da siraran wayoyi, ja da baƙa. Na sa babbar 'yata ta bi jar wayar da yatsa tun daga batir har inda ta tsaya, ashe a jikin maɓallin ta tsaya, ƙarfe biyu ne ƙanana da ba su taɓa juna ba. Na ce to ga gadar da ta tsinke, wuta ba ta iya tsallakawa, in kin danna sun haɗu ta wuce ta shiga inji ta koma batir, in kin saki ta tsaya. Wallahi ta fi minti nawa tana dannawa tana saki tana kallon ƙarfen nan, can ta ce "Umma ashe ba maɓallin ke da ƙarfin ba, batir ne."

Abin da na lura da shi, gara a bar su su yi hasashe tukuna. Na cire batir ɗaya na ce me zai faru? Suka ce za ta yi tafiya a hankali. Suka danna, shiru. Muka juya duka biyun, sai motar ta yi baya, ihu kamar me. Daga nan suka gane alamar + da - ba ado ba ne. Sun kuma bambanta maɓallin da ake dannawa a riƙe da wanda ake turawa ya zauna, shi ne ke cinye batir in an manta.

Amma fa ƙananan batir masu kama da kwabo, irin CR2032, ba na barin su taɓa ko kaɗan, in yaro ya haɗiye yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin awa 2, asibiti ne nan take. Kullum sai na ɗaure sukurun murfin in mun gama, kuma na ja musu kunne sosai cewa soket na bango ba ya cikin wannan wasan.