Yaron da ya fara rubutu daga hannun dama

A duk farkon watan Satumba, lokacin da damina ba ta gama ɗaukewa ba kuma kogin Binuwai yana cike a ƙarƙashin gadar Garwa, nakan tsaya a bakin ƙofar ajina in karɓi yaran da ba su taɓa zama a kan benci ba. Ajin da nake riƙe da shi shi ne na farko a makarantar firamare, wanda a tsarin Faransanci na Kamaru ake kira SIL, kuma ma'anar sunan ita ce sashen da ake shigar da yaro cikin harshe. Daga nan yaro zai wuce CP, sannan CE1 da CE2, sannan CM1 da CM2, shekara shida ke nan kafin ya zauna jarrabawar CEP ta kammala firamare da kuma ta shiga sakandare. Harshen da sunan ajin yake nufi kuwa Faransanci ne, alhali yaran da suke zuwa mini daga unguwannin Hausare da Fulɓere da Yelwa sun riga sun zo da harshe biyu a bakinsu, Hausa ta cikin gida da Fulatanci na titi da kasuwa, wasunsu ma har da na uku.

Abin da ya fi damuna a shekarun farko na aikina shi ne shirun da yake sauka a kan waɗannan yara da zarar sun tsallako ƙofa. Yarinyar da na ji muryarta tun daga bakin titi tana gardama da mai ƙosai, sai ta shigo ta naɗe hannu ta zuba mini ido, in yi tambaya sau uku ba ta ce uffan ba. Malamin da bai yi haƙuri ba zai rubuta a ransa cewa yarinyar ba ta da ƙwaƙwalwa, kuma na ga yadda irin wannan hukunci yake bin yaro daga aji zuwa aji har ya gaji ya bar makaranta. Gaskiyar magana ita ce ba ta ji abin da na ce ba, kuma an riga an tsoratar da ita a gida cewa a nan ba a yin irin maganar da ta sani.

Wani yaro ne ya sa na sake tunani a kan aikina gaba ɗaya. Ranar da na raba alli na ce kowa ya kwaikwayi harafin da na zana a babban allo, sai na lura ya ɗora hannunsa a gefen dama na ƙaramin allonsa yana tafiya hagu, cikin natsuwa da tsabtar hannu irin wadda ba a samu ga ɗan shekara shida sai wanda ya saba. Na kusa riƙe hannunsa in ce ya yi kuskure, sai na tuna cewa tun yana ɗan shekara huɗu yake zuwa makarantar allo da asuba da kuma bayan la'asar, ya san ba'u da sin da mim, ya san yadda ake riƙe alƙalamin kara a tsoma shi a tawada. Wannan yaro ya riga ya gane babban sirrin da nake wahalar cusa wa sauran, wato cewa zane a kan allo yana ɗauke da sauti, kuma sautukan idan aka jera su sukan zama kalma. Sai na durƙusa kusa da shi na gaya masa da Hausa cewa rubutun malam yana tasowa daga dama, wannan kuma yana tasowa daga hagu, kuma dukansu rubutu ne. Ya dube ni da mamakin jin Hausa daga bakin Madam, ya goge allonsa da tsumma, ya koma hagu, bai sake ɓata ba.

Lissafi ma haka yake, har ma ya fi ban sha'awa. Yarinyar da take ɗaukar wa mahaifiyarta tallan gyaɗa ko dafaffen ƙwai da yamma ta iya canji fiye da yadda littafin ajinmu yake zato, amma da dala take ƙirga. A wurinta tsabar da aka rubuta wa 25 dala biyar ce, wadda aka rubuta wa 100 kuma dala ashirin ce, domin kowace dala tana daidai da sefa biyar. Idan na ɗaga tsabar na ce da Faransanci wannan ɗari ce, ita kuma zuciyarta tana ce mata ashirin, to ba rashin fahimta ne ya hana ta amsawa ba, ma'auni biyu ne suka haɗu a kanta, kuma babu wanda ya taɓa zama ya warware mata su. Shi ya sa nake sa kowane yaro ya zo da marafan kwalba da tsinkayen kara a cikin ƙaramar leda, mu jera su biyar biyar a kan benci, mu ƙirga da Hausa, mu ƙirga da Fulatanci, sannan mu ɗora musu sunan Faransanci. Wahala tana nan gaba, ranar da za su tarar cewa Bafaranshe yana ce wa saba'in sittin da goma, tamanin kuma ashirin sau huɗu, amma yaron da ya taɓa lambar da yatsunsa ba ya firgita da sunanta.

Akwai kuma sha'anin furuci, wanda nake roƙon abokan aikina su yi masa adalci. Hausa ba ta raba sautin p da na f, saboda haka ɗan Bahaushe yakan ce fafa a maimakon papa, 'yan ajin kuma su fashe da dariya, musamman yaran Fulani, waɗanda harshensu ya raba sautukan biyu tun asali. Dariyar nan idan aka bar ta takan kulle bakin yaro na wata guda. Abin da nake yi shi ne in riƙe 'yar takarda a gaban leɓena, in nuna musu yadda ake rufe leɓe ruf kafin iska ta fashe ta kaɗa takardar, sannan kowa ya gwada, har da masu dariyar.

Ni kaina na yi karatu a zamanin da saura na al'adar sambol bai gushe ba, wato wani abu da ake rataya wa duk yaron da aka kama yana yin harshen gida a makaranta, ya yi ta fakon wani da zai miƙa wa kafin a tashi, wanda ya kwana da shi kuma ya sha hukunci. Na tuna yadda wannan abu ya mayar da mu masu leƙen asirin juna. Dokar ilimi ta ƙasa ta shekarar 1998 ta haramta dukan ɗalibi, ta kuma sanya bunƙasa harsunan ƙasa cikin manufofin makaranta. Tun a 1981 Farfesa Maurice Tadadjeu da abokan aikinsa a Jami'ar Yawunde suka fara gwajin koyar da yara da harshen uwa tare da harshen hukuma, daga baya kuma shirin ELAN na ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ya shigar da Fulatanci cikin wasu azuzuwan gwaji, tare da harsunan Ewondo da Duwala da Basa. Abin da nake yi da Hausa a ajina bai kai wannan tsari ba, 'yan kalmomi ne nake miƙa wa yaro kamar yadda ake miƙa wa mai tsallaka rafi hannu.

Ba zan ɓoye cewa harshe ba shi kaɗai ne nauyin ba. An soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati tun shekarar 2000, amma iyaye suna biyan kuɗin ƙungiyarsu, kuma daga ciki ake biyan malaman da iyaye suka ɗauka, waɗanda da yawansu suke aiki da zuciya ɗaya a kan abin da bai kai ya riƙe gida ba. Benci da aka yi don yara uku yakan ɗauki biyar. Da hunturu yara suna zuwa da tari da fasassun leɓuna, a watan Maris da Afrilu kuma zafin Garwa yakan haura digiri 40, rufin kwano ya yi ta huci, har in ga kawuna suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya tun kafin azahar. Don haka nake ajiye karatu da lissafi da sassafe, waƙa da zane kuma su biyo bayan hutun cin abinci.

Wani uba ya taɓa zuwa ya same ni bayan an tashi, ya gaishe ni cikin mutunci, sannan ya ce, "Malama, na ji an ce kina yi musu Hausa. Hausa ai muna da ita a gida, Faransanci na kawo shi ya koya." Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, domin ya san cewa jarrabawa da takardar asibiti da neman aiki a kamfanin auduga duk da Faransanci ake yin su, kuma ba ya son ɗansa ya tsaya a bakin ofis yana neman mai fassara kamar yadda shi yake yi. Na ce masa, "Alhaji, abin da kake so shi nake so. Ka ba ni zuwa ƙarshen zango na biyu, sannan ka zo ka zauna a bayan aji ka ji da kunnenka."

Ya zo kuwa, wata Talata a cikin watan Maris, ya zauna a kan bencin ƙarshe da babbar rigarsa, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Na rubuta gajeriyar jimla a allo wadda yaran ba su taɓa gani ba, domin kada a ce hadda ce. Ɗansa ya fito, ya ɗora sanda a ƙarƙashin harafin farko daga hagu, ya haɗa gaɓoɓin a hankali har ya kai ƙarshe, sannan na tambaye shi abin da jimlar take nufi. Ya juya ya fuskanci mahaifinsa, ya gaya masa da Hausa cewa an ce Baba ya tafi kasuwa da kekensa. Alhaji ya ce masa ya sake karantawa, yaron ya sake, kuma a karo na biyun p ɗin papa ta fita daidai.