Antibairos ɗin da nake sa wa kwamfutar gida

Ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a Kano, ni da yara biyu masu koyon aiki. Abin da ya fi kawo mana mutane shi ne bairos, kuma tambayarsu kusan ɗaya ce: "Malam, wane antibairos ne ya fi ƙarfi?"

Idan Windows 10 ko 11 ce a kan kwamfutar, Microsoft Defender yana cikinta tun daga kamfani, kyauta. Ga mai karatu, mai buga takardu da kallon bidiyo, ya wadatar. Cibiyoyin gwaji irin su AV-TEST ta Jamus da AV-Comparatives ta Ostiriya suna gwada shi tare da na kuɗi, kuma ba ya jin kunya. Sharaɗinsa ɗaya: a bar shi ya riƙa sabunta kansa. Nan ne ake samun matsala, domin data ta yi tsada, mutane suna kashe sabuntawa don kada ta cinye musu. Na san zafin kuɗin data, amma antibairos ɗin da ya yi wata shida ba a sabunta shi ba tamkar maigadi ne da fuskokin ɓarayin bara kaɗai ya sani. A watan Mayun 2017 wani bairos mai suna WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Ingila, alhali tun watan Maris Microsoft ta fitar da gyaran da ke toshe ƙofar da ya bi.

Wanda muka fi gani a shago shi ne na filashi. Ɗaliba za ta je wurin buga takardu ta fitar da aikin makaranta, ta dawo gida ta ga duk foldodinta sun koma gajerun hanyoyi (shortcut) masu ɗan kibiya a gindi. Sai ta zo hankali a tashe: "Yaya, aikina ya tafi." Galibi bai tafi ba, ɓoye shi aka yi. Nakan ce kada ta danna ko ɗaya, domin dannawar ce ke shigar da cutar cikin kwamfuta. Mu wanke filashin, mu fito da fayilolin.

Abu biyu ne ba na yi ko nawa za a biya ni. Ba na sa antibairos na sata, irin wanda aka fasa lasisinsa, domin wanda ya fasa shi yana iya cusa abin da ya ga dama a ciki. Ba na kuma haɗa biyu su riƙa gadi lokaci ɗaya, sai su yi ta karo da juna kwamfuta ta yi nauyi.

Mai harkar kuɗi ta intanet da ke son ƙarin kariya, nakan ce ya sayi lasisin Bitdefender ko ESET ko Kaspersky daga shafin kamfanin, ya riƙe ranar ƙarewarsa. Malwarebytes na kyauta yana da amfani wajen sake bincike idan ana zargin wani abu.

Masu Windows 7 kuwa, gaskiya nake gaya musu: tun Janairun 2020 Microsoft ta daina kula da ita, Windows 10 ma ta kai ƙarshen wa'adinta a Oktoban 2025, kuma antibairos ba ya ɗinke ɓarakar da ke jikin Windows. Kafin su bar shago nakan sa su kwafe hotuna da takardunsu a hadis (hard disk) na waje, su cire shi daga jikin kwamfutar su ajiye, don bairos mai kulle fayiloli yakan kama duk abin da ya tarar a jone.