Mun ɗauka ƙiwa ce

Wallahi tun jiya zuciyata ba daɗi. 'Yar ƙawata ta koma fitsarin kwance, da an ce je ki gaida kawu sai ta ƙanƙame uwarta tana kuka, mu kuma muna ta cewa ƙiwa ce, ashe shi yake lalata da ita har yana ce mata in ta faɗa zai kashe mamanta.

Iyaye don Allah, yawancin masu wannan ta'asa na gida ne, kuma yara maza ma ba su tsira ba. In yaro ya faɗa ku yarda da shi, kar a dake shi. A kai shi asibiti kafin awa 72 saboda maganin kariya daga HIV, kar a wanke kayan jikinsa, a sanar da 'yan sanda ko da ɗan uwa ne.