Ranar feshi a gonar supari

Laraba, ƙarshen Mayu, kusa da garin Puttur, jihar Karnataka, a Indiya.

Ko shayi ban gama sha ba abokin karatuna ya ce mu tashi, mai hawan bishiyoyi ya yi feshin magani ya iso, kuma shi ba a ajiye shi yana jira. Mahaifinsa ya daɗe yana bin mutumin a waya kafin ya samu rana. Samarin ƙauyen sun watse birnin Bengaluru da ƙasashen Larabawa, masu hawan sun yi ƙaranci.

Cikin gonar inuwa ce lumshi. Bishiyoyin supari, waɗanda ake tauna ƙwallon 'ya'yansu kamar goro, sirara ne dogaye, layi-layi, tazarar mita 2.7 tsakaninsu. Masoro ya nannaɗe jikinsu yana hawa, ga ayaba da koko a tsakani. Dattijon ya ce supari sai ta shekara 5 zuwa 7 take fara 'ya'ya, kafin nan ayaba ce ke riƙe gida.

Farkon Yuni damina ke sauka a nan, ruwa ba ƙaƙƙautawa, sai cutar koleroga ta kama nonon 'ya'yan, su ruɓe su zube tun suna ɗanyu. Maganinta haɗin Bodo: kilo ɗaya na shuɗin sinadarin kofa salfet, kilo ɗaya na farar ƙasa, a lita 100 na ruwa. Da aka dama a duro, dattijon ya tsoma wuƙa mai tsabta, ya ɗaga ya duba. Bakinta ya yi ja-ja. "Ƙara farar ƙasa," in ji shi, "in ba haka ba zai ƙona 'ya'yan."

Mai hawan kuwa, igiya kawai ya zarga a ƙafafunsa, sai ga shi can ƙoli. Ba ya saukowa. In ya gama feshe na kusa, sai ya sa ƙugiya ya jawo bishiyar gaba, ta ranƙwafo, ya tsallaka. Ni da ke ƙasa ƙafafuna ne ke rawa. Maganin na zubo masa, har gemunsa ya koma shuɗi. A falo hirar farashi ake ta yi, da abin da ƙungiyar manoma ta CAMPCO za ta saya, amma ni a ganina amfanin shekarar gaba ɗaya a ƙafafun bawan Allahn nan yake.

Bayan abinci aka miƙo mini supari naɗe cikin ganye, yadda muke ba baƙo goro. Na karɓa na yi godiya, na sa aljihu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin masu jawo kansar baki, amma ba a gidan manominsa zan ɗauko zancen ba.

Feshi na biyu sai bayan kwana 40. Kafin mutumin ya hau babur, dattijon ya damƙa masa kafin alƙalami.